Shin Ko Kun San? Kofin Da Ke Hana Kabawa Barci A Tsakiyar Damina

Idan damina ta kankama a fadamar Rima, manomi da wuri yake kwanciya, domin shinkafa ba ta jiran mai nauyin barci. Amma a shekarar da ake gasar Copa America ta Kudancin Amurka, sai ka ga fitila a gidajen kallo na Birnin Kebbi da Argungu har ƙarfe uku na dare, janareta na ruri, mai shayi na fifita wuta a bakin ƙofa. Gari na wayewa, tambayar da ke biyo bayan gaisuwa ita ce, "Wa ac ci jiya?" Ga kaɗan daga abin da ke ƙunshe cikin wannan kofi.

Shin ko kun san cewa babu gasar ƙwallon ƙafa ta wata nahiya da ake bugawa a yau wadda ta kai Copa America tsufa? An fara ta a watan Yulin 1916 a Ajantina, lokacin bikin cikar ƙasar shekara 100 da samun 'yanci. Ta girmi Kofin Duniya da shekara 14, ta girmi Kofin Afirka da shekara 41, ta kuma girmi na Turai da shekara 44. Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 domin tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ta ba shi shekara 18.

Shin ko kun san cewa ƙasashe huɗu kacal suka buɗe ta? Ajantina da Birazil da Chile da Uruguay ne, kuma Uruguay ce ta ɗauki kofin farko. Sunan Copa America sai a 1975 aka raɗa mata. Kalmar "copa" kuwa kofi take nufi da harshen Sifaniyanci.

Shin ko kun san cewa baƙar fata ne ya fi kowa zura ƙwallo a gasar farko? Sunansa Isabelino Gradin, ɗan Uruguay, jikan bayin da aka kwasa daga Afirka. Ƙwallo uku ya ci. Bayan Uruguay ta lallasa Chile da ci huɗu da nema, sai Chile ta kai ƙorafi cewa an sa 'yan Afirka a wasan, tana nufin Gradin da abokinsa Juan Delgado. Ƙorafin bai je ko'ina ba, domin dukkansu haifaffun Uruguay ne.

Shin ko kun san cewa akwai sawun Hausawa a ɗaya daga cikin biranen da suka karɓi baƙuncin gasar? Birnin Salvador da ke jihar Bahia a Birazil, inda aka buga wasanni a 1989 da 2019, can aka sauke Hausawa masu yawa a zamanin cinikin bayi. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla, a 1835 kuma bayi Musulmi suka yi babban bore cikin watan azumi, galibinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu.

Shin ko kun san dalilin da ya sa wasannin ke zuwa mana da tsakar dare? Agogonmu na gaba da na Rio de Janeiro da Buenos Aires da awa huɗu, yana gaba da na Miami da awa biyar a watannin Yuni da Yuli. Wasan da aka take da ƙarfe tara na dare a Rio, a Birnin Kebbi ƙarfe ɗaya ne na dare.

Shin ko kun san cewa wasan ƙarshe na 2024 ya kai mu har asuba? Wanda ya kwana a gidan kallo ranar Lahadi 14 ga Yuli ba zai manta ba. Da ƙarfe takwas muka kalli Sifaniya ta doke Ingila da ci biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na Kofin Turai. Rabin jama'a suka watse, masu naci suka zauna jiran Ajantina da Kolombiya da ƙarfe ɗaya. Sai aka jinkirta wasan fiye da awa guda, saboda dubban mutanen da ba su da tikiti sun yi dafifi a ƙofofin filin Hard Rock da ke Miami. Muna zaune a kan benci, wasu sun miƙe a tabarma, aka yi karo-karo aka ƙara wa janareta mai. Messi ya ji rauni a idon sawu, aka fitar da shi, ya zauna yana kuka. Wurin ya yi tsit, har masu adawa da shi ba wanda ya tanka. Minti casa'in ya ƙare canjaras, aka shiga ƙarin lokaci, sai a minti na 112 Lautaro Martinez ya raba gardama. Muna fitowa ladanai na kira, daga gidan kallo masallaci muka nufa, daga masallaci wasu suka saɓa fartanya sai fadama.

Shin ko kun san ƙasar da ta fi kowa ɗaga kofin? Ajantina ce da 16, Uruguay na biye da 15, Birazil na da 9. Paraguay da Chile da Peru kowacce na da biyu, Kolombiya da Bolibiya ɗaya-ɗaya. Ekwado da Benezuwela har yanzu suna jiran rabonsu.

Shin ko kun san cewa Pele bai taɓa cin wannan kofi ba? Sau ɗaya tak ya buga gasar, a 1959 a Ajantina. Ya ci ƙwallo takwas, ya fi kowa, amma mai masaukin baƙi ce ta riƙe kofin. Birazil ta yi shekara 40 cur ba ta ɗauke shi ba, daga 1949 zuwa 1989, kuma a tsakanin nan ne ta ci Kofin Duniya har sau uku.

Shin ko kun san cewa Pele ya taka leda a Kaduna? A 1978 ne, bayan ya yi ritaya, ya sa rigar ƙungiyar Fluminense ta Birazil a wasan sada zumunta da Raccah Rovers ta Kano.

Shin ko kun san cewa Maradona ma haka ya bar fili ba tare da kofin ba? Ya gwada a 1979 da 1987 da 1989, bai dace ba. Wasansa na ƙarshe a rigar Ajantina kuwa da Najeriya ya buga shi, ranar 25 ga Yunin 1994 a Kofin Duniya na Amurka. Samson Siasia ya fara cin su, Caniggia ya rama ya ƙara.

Shin ko kun san abin da ya faru shekara 20 daidai bayan wannan rana? Ranar 25 ga Yunin 2014, a birnin Porto Alegre na Birazil, Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu. Messi ma biyu ya ci, aka tashi uku da biyu. Sau biyar muka haɗu da Ajantina a Kofin Duniya, a 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, kuma kowane karo da tazarar ƙwallo ɗaya suka tsira.

Shin ko kun san cewa mun taɓa kayar da manyan Kudancin Amurka biyu cikin kwana huɗu? A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Birazil na gaba da ci uku da ɗaya, Najeriya ta farke, Nwankwo Kanu ya rufe wasan a huɗu da uku. A wasan ƙarshe aka ba Ajantina kashi da ci uku da biyu. Cikin tawagar akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro, dukkansu 'yan Kaduna. Ronaldo da Roberto Carlos da suka sha kaye a hannunmu, su ne suka je suka ɗauki Copa America a 1997 da 1999.

Shin ko kun san cewa sai da Messi ya faɗi wasan ƙarshe na Copa America sau uku kafin ya dace? Birazil ta doke Ajantina uku da nema a 2007, Chile ta kayar da su a bugun fenariti a 2015 da 2016. A na 2016 shi da kansa ya ɓarar da bugunsa, ya ce ya bar buga wa ƙasarsa, daga baya ya dawo. Mahaƙurci mawadaci. A 2021, a filin Maracana, a gidan Birazil, ya ɗaga kofin, Ajantina ta fita daga ƙishirwar shekara 28. Wannan ne karo na farko da Birazil ta karɓi baƙuncin gasar kofin ya kuɓuce mata.

Shin ko kun san cewa wanda ya ci ƙwallon nan ta Maracana tsohon sananne ne a wurinmu? Angel Di Maria ne, kuma ɗaga ta ya yi ta saman kan mai tsaron gida. Irin wannan ɗagawar ya yi mana a wasan ƙarshe na Olamfik a Beijin a 2008, ya raba mu da zinare.

Shin ko kun san cewa an taɓa buga wasa na minti 150? A 1919 ne a Rio, tsakanin Birazil da Uruguay. Sai da aka yi ƙarin lokaci na awa guda, Arthur Friedenreich ya ci ƙwallo ɗaya tilo, Birazil ta samu kofinta na farko.

Shin ko kun san cewa mutum ɗaya ya ɓarar da fenariti uku a wasa guda? Martin Palermo na Ajantina ne, a 1999, a karawarsu da Kolombiya wadda ta ci uku da nema.

Shin ko kun san cewa Paraguay ta kai wasan ƙarshe a 2011 ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba? Kunnen doki biyar ta yi a jere, bugun fenariti ya tsallakar da ita sau biyu. Uruguay ta tare ta da ci uku da nema. Kolombiya kuwa a 2001 ta ɗauki kofin ba tare da ƙwallo ko ɗaya ta shiga ragarta ba.

Shin ko kun san cewa tudu ma na taya mai gida faɗa? Birnin La Paz na Bolibiya na kan tsaunin da ya kai kusan mita 3,600 daga doron teku, inda iskar shaƙa ke ƙaranci, baƙo ya yi gudu kaɗan ya kama haki. Kofi ɗaya da Bolibiya ke da shi a gida ta ci shi a 1963, kuma a gida ta kai wasan ƙarshe a 1997.

Shin ko kun san cewa ana gayyato baƙi daga wajen yankin? Hukumar ƙwallon Kudancin Amurka, CONMEBOL, ƙasashe goma kawai gare ta, don haka tun 1993 take gayyata. Meziko ta kai wasan ƙarshe sau biyu, a 1993 da 2001. Japan ta je a 1999 da 2019, Katar ma ta je a 2019. Har yau baƙo bai taɓa tafiya da kofin ba.

Shin ko kun san cewa Arewacin Amurka na da nata kofin, kuma sa'an Jihar Kebbi ne? Gasar Gold Cup a 1991 aka fara ta, shekarar da aka fitar da Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ranar 27 ga Agusta. Amurka ce ta ci na farko, Meziko ce ta fi kowa yawan ɗauka.

Shin ko kun san cewa Uruguay ba ta fi Jihar Kebbi yawan jama'a ba? A nan nake so mu daɗe. Mutanenta kimanin miliyan uku da rabi ne. Ƙidayar 2006 ta ba Kebbi fiye da miliyan 3.2, kuma daga lokacin zuwa yau mun ƙaru ƙwarai. Ƙasa ce ta makiyaya da manoma a bakin ruwa, shanunta sun ninka mutanenta, tana noma shinkafa tana sayarwa a ƙetare. Wanda ya san fadamar Argungu da injinan casar shinkafa na WACOT da Labana ba zai ji baƙunci da wannan bayani ba. Da waɗannan mutane 'yan kaɗan ta ci Copa America sau 15, ta ci Kofin Duniya a 1930 da 1950. Mu ma ta taɓa mu: a Kofin Zakarun Nahiyoyi na 2013, a Salvador ɗin nan da muka ambata, ta doke Najeriya biyu da ɗaya, Diego Forlan ya ci ta biyun a wasansa na 100.

Shin ko kun san inda ƙarfin nata yake? A unguwanni yake. Yaran Uruguay tun suna 'yan shekara biyar ko shida suke shiga gasar yara mai tsari, da rajista da alƙalin wasa da jadawalin ƙarshen mako, iyaye na tsaye a bakin fili. Ta nan Luis Suarez da Edinson Cavani suka bi, kuma dukkansu haifaffun Salto ne, wani gari a gaɓar kogi, nesa da babban birnin ƙasar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Yaranmu ba su rasa ƙafa ba. Ku leƙa kowane fili bayan La'asar a Badariya ko Nasarawa, ko yashin bakin gulbi idan ruwa ya ja baya, za ku gan su babu takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu, kowa na kiran kansa Messi. Filin wasa na Haliru Abdu na nan a Birnin Kebbi. Shirya gasa kuwa gadonmu ne: mutanen da ke tara dubban masunta da homa da gora a Matan Fada, kowa ya tsaya jiran alama ɗaya kafin ya faɗa ruwa, har UNESCO ta sanya bikin kamun kifin cikin kayan gadon duniya a 2016, ba za su kasa shirya gasar 'yan shekara goma ba.

Shin ko kun san masarautu nawa ne a Jihar Kebbi? Huɗu ne: Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Da ƙasashe huɗu aka fara Copa America a 1916. Abin da ya rage mana shi ne kofi guda, da jadawali, da manyan da za su tsaya a bakin fili kowace Asabar, kamar yadda suke tsayawa gaban talabijin har asuba.