Zanen Fuska da Zanen Takarda

A ƙasar Gobir, wajen Sabon Birni da Isa, idan aka ce zane, tsoho yakan tuna da aska kafin ya tuna da fensir. Gama tun ba a san hoto ba, Gobirawa suna da abin da suke gane ɗan'uwansu da shi. Idan aka haifi yaro, sai a kira wanzami ya yi masa tsaga, daga gefen baki ta bazu kan kunci ta nufi kunne. Da ita zai girma, da ita za a kai shi kabari.

Wannan ba ado kaɗai ba ne. A shekarar 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Sarki Yunfa, mutane suka watse. Waɗansu suka yi arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, waɗansu kuma suka zo suka kafa Sabon Birni. A irin wannan zamani na yaƙi da kamun bayi, yaro yakan ɓace shekara da shekaru, amma ran da aka gan shi fuskarsa za ta faɗi gidansu ko bai buɗe baki ba.

Hoto kuwa baƙo ne. A Faransa aka fara bayyana wa jama'a dabararsa a 1839, ya daɗe bai iso ƙauyukanmu ba. Da ya iso, sai mai hoto ya riƙa zuwa ran kasuwa ko ran salla. A ci ado, a zauna tsaf, kada kowa ya motsa. In an wanke hoton, a sa shi a gilashi a rataye, ko uwargida ta adana shi a ƙasan akwati.

Akwai kuma mai zane da hannu. Wanda ke yi wa jarida zanen barkwanci yakan ƙara wa manya tsawon hanci ko girman tumbi, don a yi dariya a kuma gane laifinsu. Amma in ya zauna zai zana kakarsa domin 'yan'uwa, sai ya ajiye wasa. Tsohon hoto yakan dushe har tsagar ta ƙi fita sosai. Shi kuwa sai ya tambayi dattawan gida, ya ƙidaya ta ɗaya ɗaya, gama in ya ƙara ko ya rage, ya mai da tsohuwar 'yar wani gida.

Yanzu tsaga tana ja da baya. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya, ta 2003, ta hana a yi wa yaro ita, iyaye da yawa kuma sun bari don kansu. Sa'an nan daga 2019 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa, suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi. Mai gudu da dare yara yake ɗauka, ba akwati ba. Saboda haka akwai yaran da fuskarsu ba tsaga, hoton kakanninsu kuma ya salwanta tare da ɗakin da aka rataye shi. A gidan da aka tsira da guda ɗaya, akan ɗauke shi da waya a aika wa dangi na nesa, a kuma rubuta sunan mai shi da garinsu a bayan takardar.