Yadda masoya ke gina ci gaban wasannin kwamfutar da kamfanoni suka watsar

A watan Yulin 2010 ne wasu masoya wasan kwamfuta na King's Quest suka fitar da kashin farko na ci gaban labarin wasan, bayan sun shafe shekara da shekaru suna aikin ba tare da an biya su ko sisin kwabo ba.

Kafin ranar, sau biyu kamfanonin da suka mallaki wasan suna aika musu da takardar umurnin dakatar da aikin.

Abin da ya same su ya nuna cewa babban ƙalubalen irin wannan aiki ya fi ƙarfi ta fuskar doka da juriya, fiye da ta fuskar fasaha.

Wane irin wasa ne?

Wasan nuna-ka-danna labari ne da mai wasa ke tafiyar da shi da linzamin kwamfuta. Yana danna wuri jarumin ya tafi can, ya danna wani abu jarumin ya ɗauka, ya danna mutum su yi magana.

Ba a buƙatar saurin hannu. Abin da ake buƙata shi ne tunani, domin kowane mataki kacici-kacici ne. Alal misali, mai kwale-kwale ya ƙi tsallakar da jarumi sai an ba shi goro, mai goro kuma ya ce sai an nemo masa akuyarsa da ta ɓata.

Kamfanoni biyu na Amurka ne suka yi fice a wannan fanni. Sierra ya fitar da King's Quest a 1984, wanda Roberta Williams ta tsara, kodayake sai a kashi na biyar, a 1990, aka daina rubuta wa jarumin umurni aka koma danna linzami. Shi kuwa sashen wasanni na Lucasfilm, wanda daga baya ya zama LucasArts, ya fitar da Maniac Mansion a 1987 da kuma The Secret of Monkey Island a 1990.

Sai dai a ƙarshen shekarun 1990 kasuwa ta karkata ga wasannin harbe-harbe da tsere. Kashi na takwas na King's Quest ya fito a 1998, daga nan aka yi tsit. A 2004 kuma LucasArts ya soke ci gaban wasan Sam & Max ana tsakiyar aikinsa.

Wannan giɓi ne masoya suka tashi cikewa.

Yadda ake gina shi

Matakin farko shi ne rubuta labari, tare da tsara kacici-kacicin a takarda ta yadda mai wasa ba zai maƙale a inda babu mafita ba.

Daga nan masu zane su zana kowane ɗaki da kowane titi, su kuma zana jarumin yana tafiya, yana magana, yana miƙa hannu.

Sai mai tsara manhaja ya shata inda ƙafa za ta iya takawa a cikin hoton, da abubuwan da za a iya dannawa, da abin da zai biyo bayan kowace dannawa. Ƙarshe a sa kiɗa da muryoyi, a kuma yi ta gwaji ana gyara kurakurai.

Wani ɗan Birtaniya mai suna Chris Jones ya sauƙaƙa wannan aiki a 1997, lokacin da ya fitar da manhajar Adventure Game Studio, wadda ake samu kyauta. Da ita ƙungiyar da aka sani da AGD Interactive ta sabunta King's Quest na farko a 2001.

Matsalar ita ce ma'aikatan duk 'yan sa-kai ne, a warwatse cikin ƙasashe daban-daban, kuma a intanet kawai suke haɗuwa. Wani ya yi aure, wani ya sami aiki, wani ya gaji ya janye. Shi ya sa da dama daga cikin irin waɗannan ayyuka ke mutuwa tun ba a je ko'ina ba.

Mai abu da abinsa

Ko da kyauta za a raba wasan, suna da jarumai da labarin asali mallakar kamfani ne.

A 2005 kamfanin Vivendi, wanda Sierra ke ƙarƙashinsa a lokacin, ya umurci ƙungiyar masoyan, wato Phoenix Online Studios, da ta dakata. Bayan ma'abota wasan sun yi ta aika wasiƙun koke, kamfanin ya sassauta a ƙarshen shekarar, bisa sharaɗin a cire sunan King's Quest. Haka wasan ya koma The Silver Lining.

A 2008 sashen wasanni na Vivendi ya haɗe da Activision, kuma a farkon 2010 sabon mai haƙƙin ya sake tsayar da aikin, kafin ya janye a watan Yuni. Kashi huɗu cikin biyar da aka tsara sun fito tsakanin 2010 da 2011, sannan aka shiga dogon jiran na ƙarshe.

A Jamus kuwa labarin ya sha bamban. Ƙungiyar MindFactory ta sami amincewar kamfanin Revolution Software na birnin York a Ingila, ta kuma fitar da Broken Sword 2.5 kyauta a 2008, wanda labarinsa ya faɗo tsakanin kashi na biyu da na uku na wasan asali.

Wahalar dai ba ta tashi a banza ba. Phoenix Online ta rikiɗe ta zama kamfani, inda a 2012 ta fara sayar da wasanta na ƙashin kanta mai suna Cognition.

Darasi ga matasan arewa

Matashin da ke Ikara ko Makarfi ko Kudan, mai kwamfutar tafi-da-gidanka da sha'awar zane, zai iya sauke irin wannan manhaja ya koya, domin wasannin ba sa buƙatar kwamfuta mai tsada.

Amma ita ma Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sabunta aka kuma sanya wa hannu a 2023. Dokar na kare rubutaccen adabi har tsawon shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa.

Ke nan wanda ya so mayar da Magana Jari Ce wasan kwamfuta, ko ya ɗora wa littafin ci gaba, sai ya nemi izini, tun da Alhaji Abubakar Imam a 1981 ya rasu. Haka batun yake ga finafinan Kannywood.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ƙirƙiri jarumansa da labarinsa, ya kafa su a inda ya sani, ko a kasuwar rake ta Makarfi ko a gonakin tumatir na Ikara. Wanda kuwa ya nace sai ya ɗora a kan aikin wani, to ya karɓi izini a rubuce tun kafin ya zana ɗaki na farko.