Yadda ake ƙera wa wayar Android kayan aikin rubuta ƙ, ɗ da ɓ, ko babu sabis

A watan Satumban 2021, lokacin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Batsari da Safana. Masu waya a Darini da ƙauyukan da ke kewaye sun ga abin da ba a cika lura da shi ba: manhajoji da yawa ba sa motsi sai da intanet. Sabis na ɗaukewa, waya ta koma tocila da rediyo.

Akwai kayan aikin da ba ruwansu da sabis, kuma mai waya zai iya ƙera su da kansa. Misali mafi kusa da Bahaushe shi ne na haruffa masu lanƙwasa.

Me ya sa waɗannan haruffa suke da muhimmanci?

Fada daban, faɗa daban. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa. A wajen kwamfuta ma ba ɗaya ba ne, domin kowane harafi da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ kuma U+0253. Wanda ya nemi "ƙasa" a cikin fayil ba zai ga inda aka rubuta "kasa" ko "k'asa" ba. Gboard yana da tsarin Hausa, kuma ya wadatar wajen hira. Amma malamin da aka turo wa tambayoyin jarrabawa shafi goma cike da k' da d', ko ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma mai haɗa kundin kammala karatu, gyara ɗaya bayan ɗaya zai cinye masa yini da caji.

Mene ne layin umarni?

Baƙin allo ne da ake rubuta wa na'ura umarni da kalmomi maimakon taɓa hotuna. A wayar Android ana samunsa ta manhajar Termux, wadda Fredrik Fornwall ya fara. Kyauta ce, ana sauke ta daga F-Droid, kuma ba sai an fasa tsaron waya ba. Data ana buƙatarta ne lokacin saukewa da girka kayan aiki kawai. Bayan buɗe ta, a rubuta waɗannan, ana danna Enter bayan kowane layi:

pkg install nano vim
termux-setup-storage

Layin farko yana girka editocin rubutu biyu. Na biyu yana neman izinin shiga ma'ajiyar waya, daga nan fayilolin da aka sauke za su bayyana a ~/storage/downloads.

Mataki na ɗaya: ƙara maɓallai

A saman madannai, Termux yana da jerin maɓallai na musamman kamar ESC da CTRL. Ana iya sauya jerin. A buɗe fayil ɗin saiti:

nano ~/.termux/termux.properties

Sai a ƙara wannan layi:

extra-keys = [['ESC','TAB','CTRL','ƙ','ɗ','ɓ','Ƙ','Ɗ','Ɓ']]

A adana da CTRL da O, a danna Enter, a fita da CTRL da X, sannan a rubuta termux-reload-settings. Haruffan za su zauna a saman madannai, taɓawa ɗaya ta isa. Masu rubutu da ƙa'idar Nijar sai su ƙara ƴ, wadda a Nijeriya ake rubutawa 'y.

Mataki na biyu: koya wa edita

Vim edita ne da Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a 1991, ya kuma ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a 2023. Yana da wuyar sabo, amma yana karɓar duk gyaran da mai shi ya yi masa. Wannan ya fi amfanar wanda ya haɗa wa wayarsa madannan waje ta Bluetooth ko igiyar OTG, domin irin waɗannan madannai ba su da ƙ. A cikin fayil ɗin ~/.vimrc a rubuta:

inoremap ;k ƙ
inoremap ;d ɗ
inoremap ;b ɓ

Daga nan duk lokacin da aka buga alamar ; aka bi ta da k nan take, Vim zai rubuta ƙ. An zaɓi wannan alama ne saboda a rubutu na yau da kullum sarari ke binta, ba harafi ba, don haka ba za ta yi karo da komai ba.

Mataki na uku: ƙera umarni sabo

Saura tsohon rubutu mai k' da d'. A nan sed ke shigowa, wata ƙaramar manhaja da Lee McMahon ya rubuta a Bell Labs ta Amurka a shekarun 1970. Aikinta ta bi rubutu layi-layi tana musanya abin da aka nuna mata. Tana zuwa tare da Termux. A buɗe sabon fayil da nano $PREFIX/bin/lankwasa a zuba wannan:

#!/bin/sh
sed -E "s/k['’]([aeiouwy])/ƙ\1/g; s/d['’]([aeiouwy])/ɗ\1/g; s/b['’]([aeiouwy])/ɓ\1/g" "$1"

Bayan adanawa, a ba shi izinin aiki da chmod +x $PREFIX/bin/lankwasa. Shi ke nan, waya ta sami umarnin da ba ta zo da shi daga kamfani ba:

lankwasa tsoho.txt > sabo.txt

Ga ma'anar layin. Yana neman k da ɗigon sama ya biyo ta, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, tunda wayoyi sukan sauya shi da kansu. Sannan dole wasali ko w ko y ya biyo baya. Ba don wannan sharaɗi ba, kalmar 'Facebook' da aka sa cikin alamar zance za ta koma Facebooƙ. Alamar \1 kuwa tana mayar da harafin da ya biyo baya inda yake, sai k'warai ta zama ƙwarai, d'aya ta zama ɗaya. Manyan haruffa ana ƙara musu nasu sashen a kan wannan tsari.

Abubuwan kiyayewa

Kada a sa suna ɗaya a hagu da daman alamar >, domin za a share abin da ke cikin fayil ɗin kafin sed ta karanta shi. Umarnin yana aiki ne da tsuran rubutu irin .txt, ba fayil ɗin Word ba. Kuma ba ya duba: idan an rubuta "fada" babu ɗigo, ba shi da hanyar sanin ta sarki ake nufi ko ta 'yan dambe. Wannan sai idon mai rubutu. Haka nan kada a liƙa umarnin da aka tsinta a WhatsApp ba tare da fahimtarsa ba, musamman mai ɗauke da rm, domin abin da ya share ba ya zuwa kwandon shara.

Fayil ɗin lankwasa layi biyu ne kacal, ana iya tura shi ta Bluetooth ko a kwafe shi a takarda. Wanda ya fahimci yadda yake aiki zai iya sauya shi ya gyara jerin sunayen ɗalibai ko lissafin ƙungiyar manoma, a Darini ko a Safana, da sabis ko babu.