Ƙoshi Dabam, Ginin Jiki Dabam

Ya ku manoma da dagatan ƙasar Ƙaraye da Rogo, ku sani tuwon dawa ƙarfin aiki yake bayarwa, amma bai isa ya gina jikin yaro ba, balle rogo. Yaron da aka yaye da koko zalla, sai ku ga ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Abin da ya rasa yana cikin rumbunku, watau wake da gyaɗa. To, kada ku kai su kasuwa duka da kaka. A daka ƙuli-ƙuli a zuba masa a kunu, a haɗa masa da nono, ko kifin madatsar Challawa. Zogale da manja kuwa suna tsare shi daga dundumi. Lalle maigida ya gaya wa matansa, gama ludayin yana hannunsu.