'YANCIN FAƊIN ALBARKACIN BAKI: INA IYAKARSA IDAN MAGANA TA ZO KAN 'YAN LUWAƊI?

Gidaje da yawa a unguwannin Zango na ƙasar nan suna da ɗa ko jika a Landan ko Jamus ko Italiya ko Amurka. Cikinsu akwai direbobi da ma'aikatan asibiti da 'yan ƙwallo, har da malamai masu hawa mumbari ranar Juma'a. Tambayar da kan taso idan sun zo gida hutu ita ce: shin gaskiya ne a can mutum ba ya iya faɗin abin da addininsa ya ce a kan luwaɗi da maɗigo sai a ɗaure shi? Wasu su ce haka ne, wasu su ce ƙarin gishiri ne. A wannan wata mun bi diddigin wasu shari'o'i da aka yi a kan batun, domin mai karatu ya ga inda alƙalai suka ja layi, da kuma yadda zancen ya shafe mu a nan Gana.

SHARI'A BIYU A ƘASA ƊAYA

A farkon shekarar 2003 ƙasar Suwidin ta faɗaɗa dokarta ta hana tunzura jama'a a kan wani rukuni, ta shigar da masu neman jinsinsu cikin waɗanda dokar ke karewa. A watan Yuli na shekarar, wani fasto mai suna Åke Green ya yi wa'azi a cocinsa da ke garin Borgholm, inda ya kwatanta irin wannan ɗabi'a da ciwon daji a jikin al'umma. A 2004 kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin wata ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara aka sallame shi, masu gabatar da ƙara su ma suka ɗaukaka, har zance ya kai Kotun Ƙolin ƙasar. Ranar 29 ga Nuwamba 2005 ta wanke shi. Alƙalan ba su ce kalamansa masu daɗi ba ne. Hujjarsu ita ce ya yi su ne cikin wa'azi, bisa fahimtarsa ta littafinsa, kuma idan aka ɗaure shi da wuya hukuncin ya tsaya a gaban Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda ke kare 'yancin addini da na magana.

To, a wannan ƙasa dai, a watan Disamba 2004, wasu mutane suka shiga wata makarantar sakandare suka zuba takardu kusan 100 a akwatunan ajiya na ɗalibai. Takardun sun ɗora wa 'yan luwaɗi alhakin yaɗuwar cutar ƙanjamau. Kotun Ƙolin da ta wanke faston ita ce ta same su da laifi a 2006, kuma a watan Fabrairu 2012 Kotun Turai ta ce hukuncin daidai ne. Me ya raba shari'o'in biyu? Wanda ya je cocin fasto da ƙafarsa ya je, yana kuma iya tashi ya fita. Ɗaliban kuwa yara ne, an cusa musu takardun ba tare da sun nema ba, kuma masu rabawar ba su da wata alaƙa da makarantar. Ke nan alƙali ba kalmar kaɗai yake aunawa ba. Yana duba inda aka faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da kuma ko yana da damar kauce mata.

ABIN DA YA FARU A BIRTANIYA

Birtaniya ce ta fi shafar mutanenmu, kuma shari'o'inta sun taɓa Musulmi kai tsaye. A watan Janairu 2006 Sir Iqbal Sacranie, wanda a lokacin yake babban sakataren Majalisar Musulmin Birtaniya, ya faɗa a rediyon BBC cewa luwaɗi abu ne mai cutarwa, kuma bai karɓu ba. Aka kai ƙara, 'yan sanda suka buɗe bincike, amma kafin watan ya ƙare aka rufe shi ba tare da an tuhume shi da komai ba. A 2010 an kama wani mai wa'azin Kirista a bakin titi a garin Workington saboda ya ce luwaɗi zunubi ne. Aka janye tuhumar, daga baya 'yan sanda suka biya shi diyyar fam 7,000.

Wani abin lura shi ne, cikin waɗanda suka fito suka kare wannan mai wa'azi akwai Peter Tatchell, sanannen ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin 'yan luwaɗi. Matsayinsa shi ne bai yarda da ko kalma ɗaya ta wa'azin ba, amma bai kamata a kama mutum don ya faɗi ra'ayin da ke ɓata wa wasu rai ba. Shi da wasu ƙungiyoyin Kirista da na marasa addini, waɗanda a kullum ba sa ga maciji da juna, suka haɗa kai suka matsa wa majalisa lamba ta cire kalmar “cin mutunci” daga sashe na 5 na dokar zaman lafiyar jama'a ta 1986. Gyaran ya fara aiki a watan Fabrairu 2014. Abin da ya rage laifi a sashen shi ne barazana da zagi.

Amma kada wani ya ɗauka ƙofa a buɗe take. A watan Yuli 2010 wasu Musulmi a garin Derby suka raba takardu a bakin masallaci da kuma gida-gida, ɗauke da hoton mutum-mutumi a rataye da igiya, suna maganar hukuncin kisa a kan 'yan luwaɗi. A farkon 2012 kotu ta samu uku daga cikinsu da laifi: ɗaya shekara 2 a gidan yari, biyu kuma wata 15 kowannensu. Su ne na farko da aka hukunta da dokar hana tunzura ƙiyayya saboda neman jinsi. Sun kare kansu da cewa koyarwar addini suka isar, amma mazauna unguwar da abin ya shafa sun shaida wa kotu irin tsoron da ya kama su da suka ga takardun a ƙofar gidajensu. Ita dokar kuwa ta fayyace cewa sukar wata ɗabi'ar jima'i, ko kiran mutane su bar ta, ba ya zama barazana shi kaɗai. Saboda haka malamin da ya ce abu kaza haramun ne yana cikin haƙƙinsa. Wanda ya jefa hoton igiya a gidan maƙwabcinsa ya ƙetare layi.

AMURKA DA FILIN ƘWALLO

Amurka ta fi kowa sakin linzami. Wani ƙaramin coci na jihar Kansas, mai suna Westboro, ya shahara da zuwa wajen jana'izar sojoji da allunan da ke cewa mutuwarsu azaba ce saboda ƙasar ta ƙyale luwaɗi. Mahaifin wani soja da aka kashe a Iraƙi a 2006 ya kai su ƙara, ƙaramar kotu ta ba shi diyyar miliyoyin dala. Amma a watan Maris 2011 Kotun Ƙoli ta ba cocin gaskiya da alƙalai 8, ɗaya kawai ya saɓa. Ta amince cewa maganar ta yi wa iyalin ciwo, sai dai ta ce tsarin mulkin ƙasar na kare ko da magana mai ciwo idan ta shafi al'amuran jama'a, kuma masu zanga-zangar sun tsaya a inda doka ta yarda.

Har ila yau, tsira daga hukuma ba shi ne tsira daga mai gidan aiki ba. A 2019 hukumar wasan zari-ruga ta Ostireliya ta kori fitaccen ɗan wasanta Israel Folau bayan ya rubuta a Instagram cewa wuta na jiran 'yan luwaɗi da wasu masu zunubi idan ba su tuba ba. Babu ɗan sandan da ya taɓa shi, amma kwantiraginsa ya tafi, sai a ƙarshen shekarar suka sasanta a wajen kotu. A Faransa kuma, inda ake ware wasannin mako guda don yaƙi da ƙyamar masu neman jinsi, Idrissa Gana Gueye na Senegal bai buga wa PSG wasa ba a watan Mayu 2022, ranar da aka sa riguna masu launin bakan gizo. An yi masa ca a Faransa, shugaban ƙasarsa na lokacin, Macky Sall, ya fito ya mara masa baya. A 2024 aka dakatar da Mohamed Camara na Mali wasa 4 saboda ya liƙe tambarin da ke rigarsa ta Monaco. Masu goyon bayan hukuncin na cewa akwai matasa 'yan kallo da 'yan wasa da ke shan zagi a filaye, kuma don su aka yi tambarin. Masu adawa na cewa 'yancin magana ya haɗa da 'yancin yin shiru. Yaranmu masu burin ƙwallon Turai da iyayensu su san cewa wannan tambaya na jiransu a cikin kwantiragi.

A NAN GIDA, ZANCEN YA JUYA

A mafi yawan ƙasashen nahiyarmu mai sukar luwaɗi ba ya tsoron kotu. Matsalar a nan iri biyu ce. Ta farko ita ce ambaton sunaye. A farkon 2006 wasu jaridun Kamaru suka buga jerin sunayen manyan mutane da suka ce 'yan luwaɗi ne, ba tare da hujja ba. Wani minista, Grégoire Owona, ya kai ƙara, kotu ta yanke wa mai jaridar L'Anecdote ɗaurin wata 4 saboda ɓata suna. A Yuganda, a watan Oktoba 2010, wata jarida ta buga sunaye da hotuna tare da kiran a rataye su. A farkon Janairu 2011 Babbar Kotu ta hana ta ci gaba, tana mai cewa ta keta haƙƙinsu na sirri da mutunci, duk da cewa dokar ƙasar ta haramta luwaɗi.

Ta biyu ita ce dokar da ke rufe bakin ɗaya ɓangaren. Sashe na 21 na tsarin mulkinmu na 1992 ya ba kowa 'yancin magana da na taro, kuma a 2001, zamanin Shugaba Kufuor, aka soke dokar ɗaure mutum saboda ɓata suna. Duk da haka, a watan Mayu 2021 an kama mutum 21 a garin Ho suna taron bita a kan haƙƙin masu neman jinsi, suka yi kusan mako 3 a tsare, sannan a watan Agusta aka kori ƙarar saboda rashin hujja. Ranar 28 ga Fabrairu 2024 majalisar dokoki ta amince da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin har shekara 5 ga mai tallata harkar ko ɗaukar nauyinta. Shugabannin addini da yawa, Musulmi da Kirista, sun goyi bayansa. Wasu lauyoyi da malaman jami'a kuma suka yi gargaɗin cewa kalmar “tallatawa” na iya haɗiye ɗan jarida da likita da mai bincike. Shugaba Akufo-Addo bai sa hannu ba har wa'adin majalisar ya ƙare a Janairu 2025, kuma a cikin shekarar wasu 'yan majalisa suka sake gabatar da shi.

Abin dubawa a nan shi ne, hujjar da ta kuɓutar da Fasto Green da Sir Iqbal ita ce cewa ɓacin ran masu rinjaye bai isa dalilin ɗaure mutum ba. Wanda ya yi murna da wannan hujja a Landan, sai ya tambayi kansa ko ta daina aiki ne idan an sauka a filin jirgi na Ankara.

ME YA RAGE GARE MU?

Hukuncin luwaɗi a Musulunci sananne ne, kuma babu malamin da ke jiran izinin jarida kafin ya karantar da shi. Amma shari'ar da ta haramta aikin ita ce ta haramta binciken sirrin mutane, ta kuma sa wa ƙazafi bulala 80. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya, wanda ya jefi wani mutum da luwaɗi ba tare da cikakkun shaidu ba, shi ne ke shan haddi. Yau kuwa yaro kan ɗauki waya ya sa hoton wani a Facebook ko WhatsApp da irin wannan zargi, kafin magariba matasa sun taru a ƙofar gidan. Magana zarar bunu ce, kuma ko an gano ƙarya ce daga baya, iyalin gidan sun riga sun sha kunya da tsoro.

Mu mutanen Zango mun san nauyin kalmar da ake jifan rukuni guda da ita. Dattawanmu na tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako 2 su bar ƙasa, aka riƙa kallon har waɗanda aka haifa a nan a matsayin baƙi. Tsiraru sun fi kowa buƙatar abu biyu a lokaci guda: a bar su su faɗi abin da suka yi imani da shi, kuma kada a bar wani ya tunzura jama'a a kansu. Idan muna son su ga kanmu, da wuya mu hana wasu.

Saboda haka nasiharmu ga 'yan'uwa na waje da na gida ɗaya ce. Malami ya karantar da hukunci a muhallinsa, da ilimi da natsuwa. Kada a kama sunan kowa, kada a yi barazana, kada a bi mutane gida ko makaranta. Wanda zai sa hannu a takardar aiki a Turai ya karanta sharuɗɗanta tukuna, ya tambayi wanda ya san dokar ƙasar. Allah Ya kiyaye harsunanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.