Kiwi A Dajin Sin, Yaɗiya A Dajinmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in ba malaman makaranta na ƙasar Kankiya da Kusada labarin wani tsiro.

A duwatsun ƙasar Sin akwai wani tsiro mai yaɗo wanda ke naɗe itatuwan kurmi, 'ya'yansa kamar ƙwan kaza. Sinawa suka sa masa sunan biri, don birai ke shansa. Danginsa sun fi iri 50. Akwai mai gashi-gashi a baya, cikinsa kore, akwai mai rawayan ciki, akwai kuma ƙarami mai santsin baya wanda ke jure sanyin Japan da Koriya. Yana da mace da namiji, kamar dabino.

A 1904 wata shugabar makarantar 'yan mata, Isabel Fraser, ta kai irinsa ƙasar Niyu Zilan. Aka shuka, ya yi 'ya'ya a 1910. Bayan haka wani mai lambu, Hayward Wright, ya zaɓi wanda ya fi girma da daɗewa bai ruɓe ba, ya yi ta yaɗa shi. A 1959 aka raɗa masa suna kiwi. Abincin biri ya zama hajar da jirage ke kaiwa kasuwannin duniya.

To, kiwi ba zai yi a ƙasarmu ba, gama yana son dogon sanyi da ruwa mai yawa. Amma Allah bai bar mu haka ba. Ga yaɗiya, wadda ke zama kore har cikin rani, ake kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, ta rufa wa gidaje asiri a shekarun yunwa. Ga garahuni bisa shinge. Ba mai shuka su, ga shi kuwa gonaki suna ta cinye daji. Ranar da daji ya ƙare, ina za a tsinko su?

Shawarata ita ce kowace makaranta ta keɓe gefen lambunta. A tambayi tsofaffin mata, su suka san yaɗiyar da ta fi faɗin ganye da sauƙin ɗaci. A tara irinta, a shuka, baɗi a sake zaɓe, a rubuta abin da aka gani. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu, Kankiya.