Macijiya mai ƙwai a cikin kwando: abin da saɓarta ke gaya wa mai ita

A Garwa ta Kamaru da garuruwan da ke kewaye da kogin Binuwai, ba baƙon abu ba ne a ga gardi ya buɗe kwandonsa a bakin kasuwa, ko a ji wani matashi ya kamo mesa a daji ya ajiye a gida don sha'awa. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, watannin hunturu da farkon bazara su ne lokacin da ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa take ɗauke da ƙwai, kuma kusan wata guda kafin ta saka su sai ta yi saɓa. Lafiyayyen maciji yakan tuɓe rigarsa gaba ɗaya, daga baki har wutsiya. Idan kuwa saɓar ta fita tsilla-tsilla, ta maƙale a wuya ko a ido, to laifin wurin da aka ajiye mesar ne kafin a ce laifin jikinta.

Wani zai ce, ai maciji ɗan daji ne, ƙasar nan ya saba da zafinta da bushewarta, me zai sa ya nemi danshi? Maganar tana da kama da gaskiya, amma ta manta inda macijin ke wuni. Mesa ba ta kwana a fili tana shan iskar hunturu. Cikin suri take shiga, ko ramin gafiya, inda ƙasa ke riƙe da laima ko da waje ya bushe ƙayau. Kwando da akwatin katako ba su da wannan. Kafin saɓa, wani ruwa ne ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, shi ya sa idonta ke yin fari-fari kwanaki kaɗan. In jikinta ya rasa ruwa, fatar ba za ta rabu ba. Mai ƙwai kuwa ta fi kowa shiga haɗari, domin takan daina cin abinci makonni, ruwan jikinta kuma yana tafiya cikin ƙwan. Bushewar da ta hana saɓa fita tana iya sa ƙwan ya maƙale a ciki, wannan kuma yakan kashe ta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa hannu a ɓare fatar, ko a shafa mata man shanu ko manja. Ɓarewa da ƙarfi yana yayyaga sabuwar fatar, a ido kuma yana iya makantar da ita. Riƙe ta da matsa mata ciki yana iya raunata ƙwan. Abin yi ba shi da tsada: tukunyar ƙasa da aka kifa mai ƙofa, a shimfiɗa tsumma mai laima a ciki, kwanon ruwa mai faɗin da za ta iya shiga da kanta, dutse mai kaushi da za ta goga jiki, da inuwa, musamman a Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. A duba ƙarshen wutsiya, domin saɓar da ta zagaye shi kamar zobe tana tsayar da jini har ya mutu ya faɗi. In ta yi ta yunƙuri ƙwan bai fito ba, aikin likitan dabbobi ne. Kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, saboda macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, yara ƙanana sun fi saurin kamuwa.

Masu cewa gardawa sun gaji wannan sana'a kaka da kakanni suna da gaskiyarsu ta fuskar iya kamu. Iya kamu daban, kiwo daban. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi mesa ce kawai. Kasa da kumurci da kububuwa, wadda saranta ya yi ƙaurin suna a kwarin Binuwai, ba abin ajiyewa a gida ba ne, ko an cire musu haƙori, domin haƙorin dafi yana sake tsirowa. Macijin da idonsa ya rufe don saɓa ma ya fi saurin kai sara.

Ita kanta mesar tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa ido kan cinikinsu, kuma a Kamaru ma'aikatar gandun daji da namun dawa ce ke da hurumin ba da izinin kama su ko ajiye su. Garwa na da gidan namun daji, tana kuma da makarantar horar da jami'an namun dawa tun 1970. Wanda ya tsinci macijiya mai ƙwai a hannunsa, kuma ya san ba zai iya ba ta abin da suri ke ba ta ba, ya kai ta wurin jami'an nan tun kafin ta saka.